Sama'ilu Wanzami da Keke Mai Giya

Abin da Sama'ilu ya gada daga mahaifinsa bai da yawa: zabira, da gidajen aski, da wani baƙin keke mai birkin sanda wanda ya girmi yawancin mutanen da yake aske wa kai. Zabirar tana nan har yau da asakenta da ƙahonninta. Gidajen kuwa su ne dukiyar, domin a ƙauyukanmu na bayan Minjibir kowane gida da wanzaminsa na gado. Shi zai aske maigida da 'ya'yansa ranar Juma'a, shi za a aika wa idan an haihu, shi zai yi wa jariri askin suna, in kaka ta yi kuma a ɗaure masa damin gero a ajiye. Wanzamin da ba shi da gidaje mai yawo da aska ne kawai.

Hannunsa ba a magana. Tun yana saurayi uban ya sa shi ya riƙa aske ƙwarya da duma har hannun ya daina rawa, kuma in ya ɗora maka aska sai gyangyaɗi ya ɗauke ka. 'Ya'yansa maza babu wanda ya ɗauki sana'ar, ɗaya yana tuƙi a birni, ɗaya yana sayar da takin zamani, matan kuma duk suna ɗakunansu. Ya rage daga shi sai matarsa Furera, mace mai kiwon tumaki da faɗar gaskiya ba tare da an tambaye ta ba.

Amma ba da hannun aka fi saninsa ba, da makara aka san shi. Duk faɗin yankin babu wanda zai ce ya taɓa ganin Sama'ilu a wurin suna kafin a raba goro. Sai an yi addu'a, an yanka rago, an cinye waina an fara wanke kwanuka, sannan a jiyo ƙararrawarsa can daga nesa. Mata suka sa masa Sai-hantsi, gari ya ɗauka, shi ma da ya ga sunan ya zauna daram sai ya riƙa amsawa. In an tambaye shi dalili, keken yake nunawa. Ya ce an ƙera shi ne tun zamanin da ba a tausayin ƙarfe, in ka hau kamar rumbu kake tuƙawa, ga yashi, ga gwiwa ta fara ƙara. Mu kuma sai mu gyaɗa kai mu ce gaskiya ne, alhali mun san mu ne dalilin, ba mu dai da niyyar faɗa.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ɗauka tsakanin ƙauye da ƙauye daji ne. Babu daji. Gona ce ta jingina da gona, gida yana hango gida, turba kuma siririya ce tsakanin shuka da shuka, in ka miƙa hannu sai ka taɓa dawar wani. Kowace gona da mai ita a tsaye a ciki, kuma kowane mai gona Sama'ilu ya san shi, ya san ubansa, ya san inda ƙurji ya taɓa fito masa a ƙeya. To ubansa ya hore shi cewa ba a gaida mutum daga kan sirdi. Sai ya ja birki, ya sauko, ya kafe keken, in babba ne ya tuɓe takalmi ya rusuna. Ina kwana, ina gajiya, ya ruwa, ya iyali, ya mai jiki, ya aka ji da haƙurin rashin wane. Mu ma ba ma sakin mutum da sauƙi. In ya juya zai hau sai mu tuna ba mu tambayi lafiyar Furera ba, sai a sake sabuwa. A nan yake jin wadda ta kusa sauka, da wanda baya ya riƙe yana son ƙaho, da wanda zai aurar da 'ya. Tafiyar da mai gaggawa zai yi kafin shayi ya huce, Sama'ilu sai ya kwashe safiya guda yana yin ta.

Shekara da shekaru haka ake tafiya ba wanda ya damu, tunda babu wani wanzamin. Sai Mudassir ya dawo daga birni. Shi ma jinin wanzamai ne ta wajen uwa, ya koyi aski a shago, yana da babur da kilifa mai caji. Ba shi da wani aibu, kuma abin da ya fi ɓata wa Sama'ilu rai ke nan, domin in sun haɗu har ƙasa yake gaishe shi. A kira shi a waya, kafin a mayar da wayar aljihu an ji ƙarar babur. Samari suka fara komawa wurinsa, sannan ƙananan gidaje ɗaya bayan ɗaya, kowa da jin nauyi. In sun hango Sama'ilu tafe sai su danna hula don kada ya ga sabon aski.

Babban gida ɗaya ya rage, gidan Malam Sabiru na hayin rafi. Gida ne na gandu, tsoho da 'ya'ya da jikoki duk ƙofa ɗaya, kawuna sun fi a ƙirga. Sauran gidajen da ba su tafi ba duk shi suke kallo, kuma Sama'ilu ya san ranar da gidan Malam Sabiru ya sake shi, zabira ta zama abin rataya a bango. A sunan da aka yi na ƙarshe a gidan sai bayan azahar aka aske jaririya, mata suna ta guna-guni, 'ya'yan gidan suka ce su dai a koma wa mai babur. Tsohon ya hana. Da jama'a ta watse ya kira Sama'ilu zaure, ya gaya masa matar jikansa tana da ciki, in damina ta yi nisa za ta sauka, kuma wannan ne tattaɓa-kunnensa na fari.

"Na gaya musu muddin ina numfashi kai ne wanzamin gidan nan," in ji shi. "Amma ka taimake ni, Sama'ilu. Ranar sunan nan ka zo da wuri, kada ka ba ni kunya gaban yara."

Sama'ilu ya ɗauki alƙawari, ya fito ya tsaya yana harar baƙin keken. Babur ba ya cikin lissafi. Ya taɓa gwadawa a filin makaranta, ya murɗa abin da ya kamata ya saki, suka shige dangar hedimasta shi da babur ɗin, kuma har yau tabon yana ƙwaurinsa yana nuna wa mai son gani.

Wata Lahadi a farkon damina yana tura kekensa a yashin rafi, inda kullum sai ya sauka, gumi har cikin ido, sai ga wasu 'yan birni sun gangaro a kan kekuna, da hulunan kwano da matsattsun kayan da bai so ya ƙara kallo ba. Ya ja gefe ya tsaya ya ga yadda za su zube, har ya tanadi sannunsa. Ba su zube ba. Suka taɓa wani abu a kan keken ya yi ƙas-ƙas, ƙafafunsu suka riƙa juyawa da sauri, suka ratsa yashin suka haye gangaren suka ɓace cikin gonaki. Har da mai furfura a cikinsu, kuma mai furfurar nan shi ya hana Sama'ilu sukuni. Sai daga baya yake cewa abu ɗaya ne bai lura da shi ba a ranar, ko ɗaya daga cikinsu bai ce masa sannu ba.

Ya sayar da ragon da Furera take yi masa kiwo, ya haɗa da gyaɗar da ya ɓoye. Furera ta ce keken ba shi da laifin komai, bakinsa ne ya kamata a kai wa mai gyara. Ya ce ai mata ba su san ƙarfe ba, ya hau motar Minjibir ya nufi Kano.

Aka nuna masa shagon wani Abdulhadi mai sayar da kekuna 'yan kwatano, an rataye su har rufi. Sama'ilu ya shiga zaɓe yadda ake zaɓen san huɗa. Ya ɗaga wannan ya ji nauyi, ya matsa tayar wancan, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa ƙarfe da farce ya kara kunne. Abdulhadi, wanda tun shigowarsa ya naɗa shi Alhaji, ya tambaye shi wace irin hanya zai bi. Sama'ilu ya zauna a benci ya zayyana masa ita tun daga ƙofar gidansa: turba tsakanin gonaki, saiwar ɗorawa da ta ratsa hanya, burtalin da shanu suka farfasa, tsidau, gangare, yashin rafi, sai taɓon hayi in an yi ruwa. Kowane rami ya faɗa, amma bai ambaci mutum ko ɗaya ba.

Abdulhadi ya san sana'arsa, ba za a ƙwace masa wannan ba. Akwai wani ja mai sifirin gaba da baya da ya shiga ran Sama'ilu, in ka danna sirdin sai ya lotsa kamar katifa. Abdulhadi ya ce wannan na masu dirowa daga kan duwatsu ne, zai riƙa shanye masa ƙarfin ƙafa a banza, kuma in sifirin bayan ya lalace sai an dawo da shi birni. Akwai wani mai siririyar taya, ya ce wannan kwalta yake so, yashi haɗiye shi zai yi. Akwai mai ƙananan ƙafafu mai sauƙin juyawa, ya ce kowane rami sai ya faɗa ciki ya ji daɗi kafin ya fito. Daga ƙarshe ya sauko masa da wani kore mai manyan ƙafafu, sifirin a gaba kaɗai, tayoyi masu faɗi da haƙora, birki na faifai wanda ruwa ba ya hana shi kamawa, ga giya gaba da baya. Sama'ilu ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ji kamar an cuce shi, ya tambaya ina sauran ƙarfen. Ya tambayi faci, ya tambayi sarƙa, ya tambaya ko giyar tana shan mai. Ya sa aka kifa keken aka nuna masa yadda sarƙa take hawa da sauka har ya gane. Aka yi azahar yana tambaya, aka yi la'asar yana tambaya, har maƙwabtan shago suka taru kallo. In yana ba da labari a nan yakan tsaya ya girgiza kai, ya ce ya tambayi yadda ake hawa, ya tambayi yadda ake gudu, bai tambayi yadda ake sauka ba.

Abdulhadi ya auna sirdin da ƙugunsa ya ɗaure shi can sama, ya ce haka ake yi don gwiwa ta huta. Gaskiya ne, gwiwar ta huta, sai dai ƙafa ba ta kai ƙasa. Kan keken miƙaƙƙe ne kuma ƙasa-ƙasa, dole ka sunkuya ka riƙe da hannu biyu, kai a ƙasa, mazaunai a sama. Babu ƙararrawa, babu kariyar ɗaura kaya, babu ƙarfen kafewa, babu murfin da ke tare taɓo, wai duk ƙarin nauyi ne. Da zai tafi Abdulhadi ya raka shi bakin titi ya ba shi karatun ƙarshe.

"Alhaji, sirrin yashi ɗaya ne. Ka sa ƙaramar giya tun kafin ka shiga, ka kafa ido inda za ka, kada ka kalli gefe, kada ka tsaya. Ka tsaya, ka nutse."

Sama'ilu ya riƙe wannan magana fiye da yadda ya riƙe wasu abubuwan da ya karanta a allo.

Hular kwano ma ya saya, ya ce shi da yake cin abinci da kawunan mutane ba zai yi wasa da nasa ba. Ya ɗora ta a kan hularsa ya shiga gida, Furera ta ɗago ta tambaya wa ya kifa masa ƙwarya. Tun ranar aka ajiye ta a lungu, daga baya kaza ta yi ƙwai a ciki. Sarƙa ta ci bakin wandonsa tun a fitar farko, sai ya koma tattare riga ya cusa a wando, ya ɗaure ƙafafun wandon da roba, ya goya zabira a baya. Ya faɗi cikin gyaɗar maƙwabci, ya faɗi cikin tasa. Tsohon keken aka jingine shi a bayan rumbu.

Amma da hannunsa ya faɗa, sai a bar maganar. Mutumin da ya haura hamsin ya ji iska tana kaɗawa a kunnensa. Saiwar ɗorawar nan da ta daɗe tana girgiza masa haƙora, sifirin ya shanye ta ko ji bai yi ba. Ranar da ya fara ratsa yashin rafi bai sauka ba, da ya haye sai ya yi ta dariya shi kaɗai a cikin gero. Yana son keken nan so na gaske, irin wanda babba yake jin nauyin faɗa, har yakan fito tsakar gida ya tsaya yana kallonsa ba dalili. Kuma ya daina makara. Wani sunan ya riga liman, wani ya riga rago, wani ma ya tarar masu gidan ba su gama share ƙofa ba, ya karɓi tsintsiya ya taya su.

Sauka ce ta zama aiki. Sai ya ja birki, ya zame daga sirdi, ya karkata, ya wurga ƙafa ta baya, sannan ya nemi abin da zai jingina keken, ga riga a cushe cikin wando, shigar da ba a gaida babba da ita. Da farko yana yi. Daga baya ya koma sauka wa tsofaffi kaɗai, sannan ya koma ɗaga murya daga sama. Da ya gane ɗaga hannu ɗaya yana iya kai shi cikin shukar mutane sai ya koma gyaɗa kai, kan kuwa da ma a sunkuye yake, ba mai gane an gyaɗa. Muna tsaye a gona da fartanya, mun riga mun buɗe baki za mu ce ina kwana, sai mu ga wani kore ya gifta da zabira a baya, mu mayar da gaisuwarmu ciki. Mu da muka shekara muna yi masa ba'ar makara, mu ne muka fara cewa Wanzam ya samu duniya, ya daina ganin mutane.

Furera ta jiyo a gidan biki ta kawo masa. Ta ce ya wuce ƙofar gidan da aka yi rasuwa bai tsaya ba. Ya ce bai ji ba, ta ce a ina zai ji. Ta ce an haihu a wani gidan an kira Mudassir, domin ba a san yadda za a tare shi a gaya masa ba, wayarsa kuwa da ma ba ta rabo da mutuwar caji. Ya ce ta bari sunan gidan Malam Sabiru ya wuce tukuna, zai bi kowa gida ya gaishe shi. Zuciyarsa tana kan alƙawari ɗaya, kuma a ganinsa ya riga ya cika shi.

Matar jikan ta sauka lokacin da gero ya fara fitar da kai, ta sami namiji. Ranar suna aka wayi gari an sha ruwa, ya ɗauke da asuba. Sama'ilu ya idar da salla, ya cusa riga, ya goya zabira, gari yana yin haske ya hau. Turba ta yi santsi, tayoyin suka riƙe. Burtali ya kwaɓe, ya sauya giya ya ratsa. Da ya gangaro rafi ya tarar ruwa ya kwanta a kan yashin iya idon sawu. Ya sa ƙaramar giya tun daga sama, ya kafa ido a wata giginya da ke hayi, ya shiga.

Daidai inda ruwan ya ƙare gangaren ya fara, ta gefen idonsa ya ga wani fari-fari a tsaye da sanda, ya ɗaga hannu. Ya ji kamar an kira sunansa. Ƙafarsa ta so ta tsaya, domin ta saba. Amma maganar Abdulhadi tana kunnensa, ga hawa a gaba. Ya ce a ransa ko waye zai dawo ya ba shi haƙuri bayan suna, ya ɗaga murya ya ce hanya, hanya, ya taka da ƙarfi. Tayar baya ta kwashi ruwa da taɓo ta watsa, ya haye gangaren bai waiwaya ba.

Shi ne na farko a ƙofar gidan. Ya zaro riga ya gyara, ya kwance robar ƙafa, ya jingina keken inda kowa zai gani, ya zauna a tabarma ya baje asake. Da Abdulkabir, babban ɗan gidan, ya fito ya gan shi, sai da ya murza ido. Liman ya zo, jama'a ta taru, aka kawo goro da dabino, aka jawo rago. Sama'ilu yana zaune yana amsa barka kamar shi aka haifa wa. Sai aka shiga ɗakin tsoho a fito da shi, tunda shi zai faɗi sunan, aka tarar ba ya nan. Ba ya masallaci, ba ya wurin tumaki, ga shi mutum ne da ya daɗe bai wuce zaure ba saboda ciwon ƙafa. Hankali ya tashi, aka bazu nema.

Sai da hantsi ya yi sosai aka hango shi tafe ta turbar rafi, jikoki sun tallafe shi hagu da dama. Farar rigar da aka ɗinka masa don ranar, daga kafaɗa har ƙasa taɓo ne, har a gemu. Sama'ilu ya dubi rigar, ya dubi tayar kekensa, ya ga launi ɗaya ne. Ya ce a lokacin ya so ƙasa ta tsage ya shige, shi da keken da giyarsa duka.

Abin da ya faru shi ne, tsohon ya kasa natsuwa da maganar da ya kafa gaban 'ya'yansa. Labarin sabon keke ya zo masa, amma bai yarda ƙarfe zai sauya halin mutum ba. Ya san inda Sama'ilu yake sauka kullum, a yashin rafi, sai ya sulale bayan salla ya je ya tare shi a can, don su taho tare yana kore masa masu gaisuwa da sanda. Zuwa ya yi shi da ƙarfin zuciya. Dawowa ƙafa ta ƙi, ya zauna gindin giginya har aka same shi.

Aka zaunar da shi, aka kawo ruwa ya wanke fuska. Abdulkabir yana huci yana tambaya wa ya yi masa haka, alhali kowa ya ga keken. Sama'ilu ya taso ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Tsohon bai dube shi ba, sai ya amsa wa ɗansa a hankali.

"Tarbar Sama'ilu na je, ban gan shi ba. Wani ne dai ya wuce ni a guje." Sannan ya ce a kira mai babur.

"Baba, ai na zo da wuri," in ji Sama'ilu. Shi da kansa yake cewa duk maganganun wautar da ya yi a rayuwarsa, wannan ce shugabarsu.

"Ka zo kam," in ji tsohon. "In sauri nake nema, ai babur ya fi keke. Ni mai tsayawa ya gaishe ni nake ta faɗa a kansa."

Aka raɗa wa yaro suna Khalilu. Mudassir ya iso kafin a gama feɗe rago, ya gaida Sama'ilu har ƙasa, ya nemi izininsa, abin da ya fi zagi ciwo, sannan ya shiga ya yi askin. Sama'ilu ya tattara asakensa. Aka ba shi naman da aka saba ba shi, babu kariyar da zai ɗaura, ya rataya a kan keken. Bai hau ba. Ya turo shi tun daga hayi har gida yana tsayawa a kowace gona, mu kuma muka huce haushinmu, kowa ya riƙe shi ya yi gaisuwar da ya daɗe yana haɗiyewa. Sai la'asar ya shiga gida. Furera ta riga ta ji, ba ta ce komai ba ta ajiye masa tuwo, kuma ya ce da gori ta yi masa da ya fi masa sauƙi.

Abin da ya ji tsoro ya faru. Gidajen da suke kallon gidan Malam Sabiru suka bi bayansa, sai ɗaiɗaiku, kuma geron da aka ɗaure masa a kakar bai cika kusurwar rumbu ba. Bai sayar da keken ba, bai kuma koma kan tsohon ba, domin gwiwa ta ɗanɗana hutu ta ƙi. Ya kai shi wurin mai gyara a Minjibir, aka sauke sirdin har ƙafa tana kai ƙasa, aka sa masa kai mai lanƙwasa yadda zai zauna a miƙe, aka ciro ƙararrawa da kariya daga tsohon keken aka ɗaura, aka ƙara ƙarfen kafewa. In Abdulhadi ya ga abin da aka mayar da shi sai ya yi hawaye. Duk da haka babu keken da ya kai shi daga nan har Kunci, sai dai rabin tafiyarsa tura shi ake yi.

Kowace Juma'a da safe ya riƙa zuwa gidan Malam Sabiru. A yashin rafi yake sauka, yashin da yanzu zai iya ratsawa ido rufe, ya tura har ƙofa, ya kafe keken a waje da zabira a ɗaure a kariya, ya tuɓe takalmi ya shiga zaure ya gaida tsohon. Tsohon ya amsa a gajarce, hula a danne har kunne. Mudassir yana zuwa ya aske gidan, daga Abdulkabir har jariri Khalilu, Sama'ilu kuma bai roƙi komai ba. Aka yi girbi, aka shiga rani. Ya lura farin gashi yana leƙowa ta ƙarƙashin hular tsohon, ta ƙeya da gefen kunne, idon wanzami ba ya kuskure wannan, amma ya yi kamar bai gani ba.

Wata Juma'a, bayan an gama ina gajiya da ya iyali, har da lafiyar Furera da tumakinta, tsohon ya ɗaga hannu ya cire hular ya ajiye a gwiwa. Tun ranar suna aska ba ta taɓa kan ba. Kilifar Mudassir ta sha zuwa har bakin zaure yana cewa ba ya so.

"Je ka ɗauko zabirar," in ji shi. "Ba sauri nake ba."

Sama'ilu ya fita, ya daɗe a gindin keken kafin ya iya komowa. Ya ce wai maɗaurin ne ya ƙi kwancewa.

Gidan da ubansa ya bar masa da kawuna sun fi a ƙirga, yau kai ɗaya ya rage masa a ciki, shi ma rabinsa sanƙo ne. Aikin da bai taka kara ya karya ba sai ya kwashe safiyar Juma'a guda yana yi, ya jiƙa, ya goge aska, su taɓa hira, ya sake jiƙawa. In yana ba da labarin nan da aska a kan wani, yakan ce ya sayar da rago, ya je har Kano, ya wuni yana zaɓe, ya samo keken da ya fi kowane keke gudu, duk don ya riƙa zuwa askin rabin kai. Sai ya yi dariya har askar ta girgiza, mai kan ya ce ya bari ya gama tukuna. Sunan Sai-hantsi ya dawo masa, kuma yanzu in ka kira shi da shi daga cikin gona, birki yake ja ya sauko ya amsa.